Gwandu na tsoron iska, Kalgo na tsoron ruwa: Yadda hadarin damina ke dagula rayuwa a Kebbi

A ƙarshen watan Mayu, idan la'asar ta yi sanyi a garin Gwandu, idon kowa na gabas. Da zarar sama ta yi ja a can, babu mai jiran a gaya masa. Mata su kwashe shanya, masu tireda su ja ƙyaure, yara su kora awaki cikin gida. Iska ce ke fara isowa ɗauke da ƙura, ruwa na biye da ita. Wani lokacin ma ruwan ba ya zuwa, sai dai a wayi gari a tarar da kwanon ɗakin wani a gonar wani.

Hadarin bai tsaya a Gwandu ba. Yamma yake nufa, ya bi ta Birnin Kebbi ya sauka Kalgo. Amma abin da ke hana mutanen garuruwan biyu barci ya bambanta.

Yawancin ƙasar Gwandu tudu ce, ta gero da dawa da wake, ga albasa a lambunan rani. A wannan tsohon gari, inda hubbaren Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo yake, lokacin fargaba shi ne farkon damina, daga Mayu zuwa Yuni. Ƙasa ta bushe, gonaki tsirara suke, babu abin da zai tare iska kafin ta iso gidajen bakin gari.

Abin da ake rufin ɗaki da shi ya sauya cikin shekarun nan. Soron da aka rufe da azara da ƙasa yana da nauyi, iska ba ta iya masa komai, sai dai ruwan kwana da kwanaki ya jiƙa shi ya rufta. Kwano kuwa ya raba mutane da wahalar yaɓe duk shekara, amma ba shi da nauyi. Idan iska mai ƙarfi ta ratsa ta samansa tsotso shi take yi, idan kuma ta samu ƙofa ko taga a buɗe ta shiga ɗakin, sai ta turo shi daga ciki. Daga nan magana ta koma kan ƙusa da katako. Kafintoci sun san maganin: a ɗaure katakon rufi da rodi a jikin gini, a ƙara ƙusa a gefe-gefe, a ɗora bulo ya rufe bakin kwanon. Duk kuɗi ne, kuma a daidai nan mai gini ya fi son ya rage kashewa, domin aiki ne da ido ba ya gani.

Rufin da ya yaye ba shi kaɗai ke tafiya ba. Ruwa ya sauka kan katifa da buhunan hatsi da takardun makarantar yara. Albasar da manomi ya adana yana jiran farashi ya tashi, jiƙa ɗaya ta isa ta fara ruɓa. Kuma abin na faruwa ne a lokacin da ɗan kuɗin da ke hannu na taki ne da iri. Magidanci ya zaɓa: ya sayi bandir ɗin kwano, ko ya sayi buhun taki. Idan makarantar firamare ce ta rasa rufi, sai a haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya. Idan turakun lantarki suka faɗi, mai niƙa da mai walda da mai sayar da ƙanƙara su koma kan janareto ko su rufe.

Irin wannan asara ba kasafai take shiga labarai ba. Gida goma a wannan ƙauye, ashirin a wancan, kowa ya ci bashi ya gyara nasa.

A Kalgo labarin na fadama ne. Ƙaramar hukumar na gefen kwarin Gulbin Rima, wanda ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi ya nufi Bunza, kuma shinkafa ce dukiyar wurin. Su ma iska na yi masu ɓarna, amma babban tsoronsu Agusta ne da Satumba. Abin takaicin shi ne ruwan da ke cinye gona a Kalgo ba lallai a Kalgo ya sauka ba. Yana iya zama ruwan da aka tafka a Zamfara ko Katsina, ko wanda Gulbin Maraɗi ya kwaso daga Jamhuriyar Nijar, ya haɗu da wanda aka sako daga madatsun Goronyo da Bakolori idan sun cika. Sama garau, rana na haskawa, manomi na tsaye yana kallon ruwa na hawa kan shinkafar da ta fara fitar da kai.

An ga haka a 2020. Rahotanni a lokacin sun ce ambaliya ta shafe kimanin hekta 450,000 na shinkafa a jihar Kebbi. Jihar ce fa aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a cikinta a watan Nuwamban 2015, don haka da yawa daga cikin gonakin da suka nutse da bashi aka noma su. Ruwa ya janye, bashi bai janye ba.

Tsofaffi da ke cewa hadarin yanzu ya fi na da zafi, kimiyya na bayansu. Wani bincike da mujallar Nature ta wallafa a 2017, wanda ya duba hotunan tauraron ɗan adam na shekara 35, ya gano cewa yawan hadari mafi tsanani a yankin Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982. Masu binciken sun danganta hakan da yadda hamadar Sahara ke ƙara zafi. Irin wannan hadari layi yake yi mai tsawon ɗaruruwan kilomita, yana tafiya daga gabas zuwa yamma, kuma shi ke kawo mafi yawan ruwan da Sahel ke samu. Wato hadarin da ke yaye kwano shi ne dai wanda gero ke jira. Wani abin mamaki, tsarin iskar da ke haifar da shi idan ya fice ta gabar Senegal ya faɗa tekun Atlantika, wani lokaci shi ke rikiɗa ya zama guguwar da ake gani a talabijin tana rusa garuruwa a Amurka.

Maƙwabta ma sun ɗanɗana. A Satumbar 2024 ruwa ya rusa tsohon masallacin ƙasa na Zinder, a watan ne kuma madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri.

Gargaɗi dai akwai shi. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA kuma na fitar da jerin wuraren da ke fuskantar ambaliya. Ga manomin Kalgo wannan na da amfani idan ya iso shi da wuri kuma da Hausa: yana iya shuka iri mai saurin nuna, ko ya karkata ƙarfinsa ga noman rani, kamar yadda da yawa suka riga suka yi da injinan ban-ruwa. Ga magidancin Gwandu kuwa, hasashen shekara ba zai gaya masa daren da iska za ta zo ba. Tsakanin jan da yake hangowa a gabas da ƙarar kwano na farko, sau da yawa abin da yake samu bai wuce lokacin rufe tagogi da tattara yara ɗaki ɗaya ba.