Daga Ƙanƙarar Suwidin Zuwa Jar Ƙasar Neja: Ilimin Tuƙi a Kan Santsi

Duk direban da ya taɓa barin kwaltar Minna ya nufi ƙauyukan Shiroro ko Paiko a tsakiyar watan Agusta ya san abin da ake kira santsi. Jar ƙasa ta sha ruwa ta ƙoshi, ka taka birki mota ta yi kunnen uwar shegu da kai, gindinta ya nemi ya riga kanta isa kwana. A wurinmu wannan jarrabawa ce da ake addu'ar a fita lafiya. A arewacin Turai kuwa, sun mayar da ita gasa, har duniya na zuba ido.

Kusan kowace shekara a watan Fabrairu, lokacin da hunturu ke shirin yi mana ban kwana, gwanayen tuƙi kan hallara a ƙasar Suwidin don tseren motoci a kan hanyoyin daji da dusar ƙanƙara ta lulluɓe. An fara gasar a 1950, amma da bazara ake yin ta a lokacin. A 1965 aka mayar da ita tsakiyar sanyi, sannan ta shiga jerin gasannin cin kofin duniya tun da aka kafa shi a 1973.

Tsarinta ya bambanta da sukuwar dawaki, inda ake sakin kowa lokaci guda. Nan ɗaya bayan ɗaya ake sallamar motocin, da tazarar 'yan mintoci, a kan hanyar da aka rufe wa kowa. Agogo ne abokin hamayya. Ana yanka tafiyar zango-zango, jimillarta wajen kilomita 300 cikin kwana uku zuwa huɗu, wanda lokacinsa ya fi ƙanƙanta shi ne zakara.

Mai karatu zai zaci a kan ƙanƙara rarrafe ake yi. Ina! Tana cikin gasannin da aka fi sheƙa gudu, har mota kan kusanci kilomita 200 a awa tsakanin itatuwa. Asirin yana ga taya. Siririya ce, an dasa mata ƙananan ƙusoshin ƙarfe 384, waɗanda ke huda dusar su kafe a daskararriyar ƙanƙarar da ke ƙasa, kamar yadda farcen shaho ke riƙe ɗan tsako. Gwani ma har jingina motarsa yake yi da tudun dusar da ke gefen hanya, ya bar shi ya juya masa ita a kwana. In tudun ya daskare, ya taimake shi. In ya yi laushi, ya haɗiye motar, sai 'yan kallo sun zo turi.

A gefen direba akwai mataimaki riƙe da littafi, wanda matsayinsa ya wuce na yaron mota nesa ba kusa ba. Tun kafin ranar gasa su biyun sun bi hanyar a hankali sun rubuta kowace kwana da tudu da gada. Ranar tsere shi ke karantowa, direba na aikatawa tun idonsa bai kai wurin ba. Kuskuren kalma ɗaya ya isa ya kai su cikin itace.

Shekara da shekaru gasar ta zama gadon gidan mutanen yankin. Stig Blomqvist, ɗan ƙasar, ya ci sau 7. Sai a 2004 aka sami baƙo daga wajen ƙasashen arewacin Turai, Bafaranshe Sébastien Loeb, ya karya wannan lago.

To ina ruwan Bahaushe da ƙanƙarar da bai taɓa takawa ba? Ruwansa shi ne, waɗannan 'ya'yan ƙanƙara su ne suka zo suka yi zarra a ƙasar Afirka. A 1975, shekarar da aka fara haɗa Fijo a Kaduna, wani ɗan Suwidin, Ove Andersson, ya lashe gasar Safari ta Kenya da Fijo 504, irin wadda ta yi shekaru tana jigila a tashoshinmu. Ari Vatanen na ƙasar Finlan, wanda ya ci gasar Suwidin a 1985, shi ne ya ci tseren Faris zuwa Dakar sau 4 tsakanin 1987 da 1991, uku daga ciki da Fijo. Wannan tsere kuwa a lokacin hunturu aka riƙa yin sa, kuma ya sha ratsa Agadas da hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar. Dalili a fili yake: ƙanƙara da rairayi da taɓo uwarsu ɗaya. Duk ƙasa ce da ba ta riƙe taya, kuma maganinta guda: kada ka danne birki da ƙarfi, kada ka fizgi sitiyari, ka lallaɓa totur, ka kalli inda kake son zuwa.

Yau ita kanta ƙanƙarar ta fara yi wa masu gasar rowa. A 1990 an soke tseren Suwidin don sanyi bai kankama ba. A 2020 sai da aka datse zanguna da dama, domin tsakuwa ta fito fili tana cinye ƙusoshin taya. Daga 2022 aka kwashe gasar daga yankin Värmland, inda ta yi shekaru, aka kai ta Umeå, can arewa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Manomin doya a Neja, wanda ya ga yadda damina ke saɓa alkawari, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Akwai kuma darasin da ya fi kusa da gida. Waɗancan direbobi suna gudu ne a hanyar da aka killace, da hular kwano, da ɗamara, cikin motar da aka ƙarfafa da bututun ƙarfe, ga likitoci a tsaye. Samarinmu masu wasan mota a ranar biki suna da ƙarfin hali da saurin hannu, amma a kan titin da yara da 'yan acaɓa ke bi suke gwada su. Abin ba baƙo ba ne a Arewa, tunda bikin kamun kifi na Argungu ya daɗe da haɗawa da tseren motoci. Jihar Neja, wadda ta fi kowace jiha faɗin ƙasa a Nijeriya, ga duwatsu, ga hanyoyin burji, ga ɗaliban injiniya a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, ga makanikai masu tayar da matacciyar mota, ba fili ta rasa ba. Abin da ya rage shi ne a ware hanya guda, a rufe ta yini guda, a kawo agogo da motar asibiti. Santsin da Allah Ya hore mana kyauta duk damina, gara a koya wa yaro shi a filin gasa da ya fara haɗuwa da shi ɗauke da fasinja.