Ƙurar Wurin Sana'a da Lafiyar Ma'aikaci a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

A ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda ke kudancin Jihar Katsina wajen iyakokinta da Zamfara da Kaduna, yawancin masu cin guminsu ba a ofis ko a babban kamfani suke wuni ba. Wurin aikinsu shi ne ɗakin injin niƙa, da siton hatsi, da mayanka, da ramin haƙar ma'adinai, da rumfar mai abinci a tasha, da gonar da ake yi wa feshi. Yanki ne na masara da dawa da wake da auduga, wanda kasuwanninsa irin su Sheme da 'Yankara, da na maƙwabta kamar Ɗandume da Funtuwa, ke ciyar da garuruwa masu nisa, saboda haka duk maganar tsaftar wurin aiki da ba ta fara daga waɗannan wurare ba, ta bar mafi yawan ma'aikatan yankin a baya.

Ƙiyasin da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar a 2023 ya nuna cewa kusan mutum miliyan 3 ne ke mutuwa duk shekara ta dalilin aikinsu, kuma kimanin miliyan 2.6 daga cikinsu cututtuka ne ke kashe su, ba haɗari ba. Dalilin da ya sa ba a cika lura da wannan ba shi ne, haɗari yana faruwa a gaban jama'a a rana guda, alhali cutar sana'a tana ɗaukar shekaru tana cin mutum, har idan ta bayyana sai a ɗora ta a kan sanyi ko tsufa ko sammu. Ƙazantar da ke jawo ta tana shiga jiki ne ta numfashi, ko ta baki, ko ta fata, kuma mafi muninta ita ce wadda ido ba ya gani, wadda tsintsiya ba ta kawar da ita.

Ɗakin injin niƙa ya isa misali. Yawanci ɗaki ne guda mai ƙofa ɗaya da 'yar taga, injin yana tsakiya, hayaƙin man dizal yana fita ta wani bututu da bai kai waje sosai ba, gari ya lulluɓe bango da rufi, mai injin da yaransa kuma sun yi fari fat tun daga gashin ido har ƙafa. Ƙurar da ake gani tana tashi, hanci da maƙogwaro suna tare yawancinta, a fitar da ita ta majina da kaki. Amma akwai wadda ta fi ta ƙanƙanta nesa ba kusa ba, wadda ke rataye a iska na tsawon sa'o'i bayan an kashe injin, kuma ita ce ke wucewa har can ƙasan huhu inda iska ke haɗuwa da jini. Ƙurar hatsi tana ɗauke da ɓurɓushin ƙaiƙayi da fumfuna da kashin ƙwari, kuma sanannen abu ne a ilimin likitanci cewa yawan shaƙarta yana jawo asma da tari mai naci. Abin takaici shi ne, sharar da yaron injin ke yi da yamma da busasshiyar tsintsiya, wadda kowa ke ɗauka tsafta ce, ita ce ke sake tayar da ƙurar da ta kwanta, ya shaƙe ta a karo na biyu. Yayyafa ruwa kafin shara, da fasa taga ta biyu a bangon da ke fuskantar ƙofa domin iska ta ratsa, da miƙa bututun hayaƙi har bayan ɗaki, duk ba su kai kuɗin gyaran inji sau ɗaya ba.

Ƙanƙara ta yi suna da farar ƙasa, wadda masana ke kira kawolin, ƙasa mai laushi da ake amfani da ita wajen yin fenti da alli da tangaran da wasu magunguna. Masu haƙarta da masu niƙa ta da masu ɗura ta a buhu suna fuskantar haɗarin da ya wuce na mai injin gari, domin ƙurar ma'adinai ba ta narkewa a huhu, kuma sau da yawa tana gauraye da silika, wato sinadarin da ke cikin yashi da duwatsu. Idan ta taru, huhu yana yin tabo ya ƙanƙance, numfashi ya riƙa yi wa mutum wuya ko da ɗan tafiya kaɗan ya yi, kuma tabon ba ya warkewa ko da an bar sana'ar. Wanda ƙurar silika ta lalata wa huhu ya fi sauran mutane saurin kamuwa da tarin fuka. Haka nan ƙurar auduga, wadda ƙasar Faskari ta daɗe da sani tun zamanin gonar irin auduga ta Daudawa da injinan gurza na Funtuwa, tana da tata cutar, mai sa ƙirji ya ɗaure musamman a ranar da aka koma aiki bayan hutu. Rawani ko ƙyallen da ake naɗewa a hanci yana rage babbar ƙura kawai. Ƙaramar sai takunkumin da aka ƙera domin ita, wanda ke manne wa fuska ba tare da kafa ba, kuma ko shi ɗin bai kai jiƙa abin da ake niƙawa amfani ba.

Babu abin da ya bayyana girman wannan al'amari a ƙasar Hausa kamar abin da ya faru a Zamfara, wadda ƙasar Tsafe kawai ta raba yankinta na tsakiya da 'Yankara. A farkon 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF suka lura cewa ƙananan yara suna mutuwa da yawa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bayan amai da jijjiga da suma, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau ba su yi musu amfani ba. Bincike ya gano cewa gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa domin neman zinare suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kai su cikin gidaje ana dakawa a turmi, ana niƙawa da irin injin da ake niƙa gari, ana shanyawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega, dubbai kuma suka buƙaci magani, kuma waɗanda suka rayu da yawa sun tashi da lahani a ƙwaƙwalwa wanda ba ya gyaruwa. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Yaran da suka mutu ba ma'aikata ba ne, kuma wannan shi ne abin da ya kamata kowane mai sana'a a Faskari ko Sabuwa ya riƙe: ƙazantar wurin aiki tana bin mutum gida a rigarsa da takalminsa da gashinsa, ta sauka a kan waɗanda jikinsu bai kai nasa ƙwari ba. Maganin da aka yi a Zamfara ma ya tabbatar da haka, domin likitoci sun ga cewa ba shi da amfani a ba yaro maganin fitar da dalma daga jini sannan a mai da shi gidan da ke cike da ita. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje da lunguna aka zuba sabuwa, aikin da bai kai ga Bagega ba sai 2013, sarakuna kuma suka ba da umarnin a fitar da niƙan dutse daga cikin gari, aka koya wa masu aikin jiƙa dutsen kafin niƙa da yin wanka da sauya tufafi kafin komawa gida. Aikin ya ci kuɗi masu yawa da shekaru, alhali asalinsa bai wuce raba wurin sana'a da wurin kwana ba.

Wannan rabuwa ita ce ta fi ƙaranci a harkar hatsi, wadda ita ce ƙashin bayan arzikin yankin. Da kaka, buhunan masara da wake suna cika sito da zaure har da ɗakin kwana, kuma domin tsoron ƙwari ana zuba musu magani. Ƙwayar da ake cusawa cikin buhu, wadda ake sayarwa da sunaye irin su Phostoxin, idan ta sha danshin iska tana fitar da iskar fosfin mai guba, wadda ke ratsa tsagar bango da ƙofa, kuma tana iya kashe wanda ya kwana a ɗakin ko a maƙwabcinsa. Fiya-fiya kuwa, wadda sinadarinta shi ne dikilobos, tana shiga jiki ta fata kai tsaye, ta sa yawu da gumi da jiri da ƙuncin numfashi. Ragowarta a jikin wake ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ɗan dakon da ke sunkutar irin waɗannan buhuna a gadon bayansa, ba riga, gumi yana zuba, sannan ya zauna a bakin sito ya sha fura ko ya ci rogo da hannun da bai ga sabulu ba, shi ne ya fi kowa ɗaukar gubar, kuma shi ne ya fi kowa ƙarancin riba a cinikin. Haka matashin da ke goya tankin feshi a gona da silifa a ƙafa, tankin yana ɗiga a bayansa, ya gama ya wanke shi a rafin da ake ɗiban ruwa, ya kai jarkar maganin gida a riƙa zuba mai ko ruwa a ciki. Akwai hanyar adana wake ba tare da magani ba, wato buhu mai ninki uku na PICS da Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar, wanda ke hana iska shiga har ƙwarin su mutu da kansu, kuma ya daɗe a kasuwannin Arewa.

Sito mai zubabben hatsi kuma gidan ɓera ne, ɓeran gida da na gona kuwa wani jinsinsu ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashinsa, cutar da aka fara ganowa a garin Lassa na ƙasar Borno a 1969. Ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, da toshe ramuka, da kwashe zubabben hatsi kullum, suna korar ɓera kuma suna hana danshin da ke kawo fumfuna.

A mayanka da kasuwa matsalar ta ruwa ce da makewayi. Mahauci yana taɓa jini da tumbi da mahaifar dabba da hannu mai yanka ko ƙujewa, ta nan ne bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, ke kama mutum ta bar shi da zazzaɓi mai zuwa yana dawowa da ciwon gaɓoɓi. Daɓen siminti mai gangara, da magudanar da ke kai jini rami rufaffe, da takalmin roba, sun fi kowane magani sauƙi. Kasuwar da ke tara dubban mutane a rana guda ba tare da isasshen makewayi ba kuwa, da zarar damina ta sauka ta zama hanyar kwalara, kamar yadda aka gani a 2021 lokacin da cutar ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, Katsina tana cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Da wuya a sami wurin sana'a a ƙasar Hausa da babu buta, saboda alwala, kuma wannan babban tushe ne da wasu al'ummu ba su da shi. Abin da ya rage shi ne sabulu a gefen butar, domin ruwa zalla ba ya fitar da maiƙon maganin feshi ko kitsen nama daga hannu.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta kwashe datti daga daɓe da teburin aiki kullum, da tsaftace daɓen sosai duk mako, da samar da iska da haske da ruwan sha da wurin wanke jiki da makewayi, ta kuma ɗora duba wannan a kan jami'an Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta amince da cutar sana'a a matsayin abin da ake biya. A 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sanya lafiyayyen wurin aiki cikin ginshiƙan haƙƙin ma'aikaci. Sai dai an tsara waɗannan dokoki ne da tunanin kamfani mai rajista da littafin albashi, ɗan dako da yaron injin kuwa ba su da takardar ɗaukar aiki, kuma rashin tsaron da ya addabi yankin shekara da shekaru, wanda duniya ta ji labarinsa da sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020, ya sa zuwa ƙauyuka ya yi wa jami'ai wuya, ya kuma cusa mutanen da suka baro gidajensu cikin garuruwa inda ruwa da makewayi dama ba su wadata ba.

Saboda haka nauyin ya fi komawa kan waɗanda ke kusa. Ƙaramar hukuma tana da sashen lafiyar muhalli, magadan duba-garin da dattawa ke tunawa da kwarjininsa, kuma hukumar da ke karɓar kuɗin rumfa da na shiga kasuwa ba ta da hujjar barin kasuwar babu famfo da makewayi. Sarkin fawa da sarkin kasuwa da shugabannin 'yan dako da na masu injin niƙa kuwa suna da ikon da jami'in gwamnati ba shi da shi, domin ƙa'idar da suka kafa tana aiki ko ba a rubuta ta ba, kamar yadda umarnin sarakunan Zamfara ya yi aiki. Mai sito da mai inji su ne ke cin ribar, don haka sabulu da takunkumi da takalmin roba haƙƙinsu ne, ba na yaron da ake sallama da yamma ba.

Asibiti ma yana da nasa rabon. Tun a 1700 likitan Italiya Bernardino Ramazzini, wanda ya rubuta littafi a kan cututtukan masu sana'a, ya shawarci likitoci da su riƙa tambayar majiyyaci aikin da yake yi. A asibitocin karkara inda babu na'urar gwada huhu ko auna dalma a jini, wannan tambaya ita ce gwajin da ke hannun ma'aikacin lafiya. Mai tarin da ya ce farar ƙasa yake niƙawa ya kamata a tura shi gwajin tarin fuka da hoton ƙirji maimakon a sake ba shi maganin mura, mahauci mai zazzaɓin da ya ƙi jin maganin sauro a yi tunanin bakkale, yaro mai jijjiga kuma a tambayi iyayensa ko ana dakan dutse ko ajiye maganin feshi a gidan.