Ciwon hanta mai taɓa hankali: ba aikin iskoki ba ne

A garuruwanmu, idan magidancin da ya daɗe yana fama da shawara ko kumburin ciki ya koma barci da rana, ya raba dare ido biyu, yana faɗa da iyali ba dalili, abin da ake fara cewa shi ne iskoki sun taɓa shi, ko an yi masa sammu. Sai a nufi wajen boka da shi, alhali sau da yawa matsalar tana cikin hantarsa.

Ga yadda abin yake. Garin narkar da abinci irin su nama da wake, ƙananan halittun da ke cikin hanjinmu suna fitar da wata guba, amoniyak. Lafiyayyar hanta takan juya ta zuwa abin da ke fita cikin fitsari. Amma idan hanta ta ƙandare, ciwon da likitoci ke kira siroz, jini yakan kauce mata, gubar ta wuce zuwa ƙwaƙwalwa.

A can akwai wasu ƙwayoyin halitta masu siffar tauraro, astrosit. Ba su ne ke kai saƙo ba kamar jijiyoyi. Ƴan hidima ne, suna ciyar da jijiyoyi suna kwashe musu datti. Su ne ke kama amoniyak su mayar da shi wani sinadari, gulutamin, shi kuma gulutamin jan ruwa yake yi. Idan guba ta yi yawa sai ƴan hidimar su kumbura, aiki ya gagare su, tunani ya rikice. A madubin likita ana ganin tsakiyarsu ta yi girma ta koɗe. Tun 1912 likitan nan na Jamus, Alois Alzheimer, da abokin aikinsa von Hösslin suka bayyana wannan siffa, shi ya sa ake kiransu astrosit na Alzheimer nau'i na 2. Kada sunan ya ruɗe mu, ba su da alaƙa da ciwon mantuwa na tsufa.

Akwai alamar da iyali za su iya dubawa a gida: a ce wa maras lafiya ya miƙe hannuwa ya ɗaga tafuka sama, kamar mai tsayar da mota. Idan tafukan suna faɗuwa suna tashi kamar fiffiken tsuntsu, a garzaya asibiti, domin bayan ruɗewa sai doguwar suma.

Abin da ke tayar da ciwon sau da yawa shi ne taurin bayan gida, zubar jini a ciki (kashi yakan fito baƙi ƙirin), zazzaɓin wata cuta, ko maganin barci. Idan an magance dalilin, aka ba da laktuloz, wani ruwa mai zaƙi da ke sa a zaga sau 2 ko 3 a yini, mutane da dama hankalinsu yakan dawo cikin kwanaki. Ana ƙarawa da rifaksimin idan abin yana maimaituwa. A da akan hana irin waɗannan majinyata nama da wake ɗungurungum. Yanzu likitoci sun bar wannan, don ramewa tana ƙara dagula lamarin. Jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa mai shawara kuwa, a ganinmu, ƙara wa hanta kaya ne.

A yankinmu babban tushen siroz shi ne ciwon hanta na B. Hukumar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da shi a duniya, miliyan 65 a Afirka, akasarinsu ba su sani ba. Nijar ta sa rigakafinsa cikin allurar yara a 2008. Ke nan yawancin waɗanda aka haifa kafin lokacin ba su samu ba, kuma gwajin jini ne kawai zai nuna musu matsayinsu.