Abin da ke ɓoye cikin lakar kududdufinka



Hunturun bara na wayi gari na ga wani farin abu kamar auduga a jikin 'ya'yan tarwadata. Kafin in farga, da yawa sun mutu. Na ɗora laifi kan mai sayar da iri, ashe matsalar na cikin lakar da na yi kasalar kwashewa.

Fumfunar ruwa ce, sunanta Saprolegnia. Dama tana nan cikin laka tana cin ragowar abinci da matattun ƙwai. Yanayi kawai take jira.

Ko a gaɓar teku haka abin yake. A taɓon Neja Delta, inda kogi ke haɗuwa da teku, yawan gishiri da ɗumi da ƙarancin iska su ke zaɓar irin fumfunar da za ta rayu. Ita tamu 'yar ruwan daɗi ce, ba ta jure gishiri, shi ya sa wankan gishiri ke taimakon kifi.

A nan Arewa sanyi ke ba ta dama. Tarwada na son ruwa mai digiri 25 zuwa 30. Da ya yi ƙasa sosai sai ta rage ci, garkuwar jikinta ta raunana, fumfuna ta kama duk inda ta ji ciwo.

Don haka kafin sabon zubi, kwashe laka, bar ƙasan ya sha rana ya bushe. Da sanyi kuma rage abinci, ka daina yawan kama kifi.

Kai yaushe rabonka da kwashe laka?