Ƙaramar Bindiga Da Harsashin Da Ake Mantawa Da Shi

A watan Janairun 1978, a birnin Los Anjelas na Amurka, wani shahararren makaɗin jita mai suna Terry Kath, na ƙungiyar mawaƙa ta Chicago, yana zaune a gidan wani abokin aikinsa yana jujjuya ƙaramar bindiga a hannu. Mai gidan ya ce masa ya yi hattara. Sai Kath ya nuna masa magazin, babu ko harsashi ɗaya a ciki, ya mayar da shi, ya ɗora bakin bindigar a kansa, ya ja kunama. Nan take ya ce ga garinku nan, saura 'yan kwanaki ya cika shekara 32. Magazin kam babu komai a cikinsa. Harsashin da ya kashe shi tuni ya bar magazin ya haye sama, yana kwance a gindin bututu.

Na daɗe ina koya wa kurata riƙon makami kafin in ajiye aiki, kuma duk lokacin da aka yi harbin kuskure da fistol, maganar da ake ji daga bakin mai laifin kusan ɗaya ce: "Wallahi, yallaɓai, na cire magazin." Jama'a kuma su ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ban musa ƙaddara ba, amma a abin da idona ya gani, sakaci ne ke buɗe wa tsautsayin ƙofa.

A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya fistol cikin jerin makaman da aka haramta wa kowa riƙewa sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Saboda haka mafi yawan masu ɗauke da ita bisa ƙa'ida jami'an tsaro ne. To amma jami'in nan yana da mata da 'ya'ya, yana da ƙanne da maƙwabta, yana shiga motar haya, yana zuwa biki. Shi ya sa nake ganin sanin halin wannan ƙarfe bai tsaya ga masu kaki kaɗai ba.

Yadda take ɗana kanta

Ƙaramar bindigar zamani tana da magazin da ake turawa ta ƙarƙashin mariƙi, da marfin ƙarfe a sama mai zamewa gaba da baya, da bututu. A gindin bututun akwai makwancin harsashi, wanda a wajen aiki muke kira cemba. Idan aka ja marfin baya aka sake shi, sai ya kwaso harsashi ɗaya daga saman magazin ya cusa shi a makwanci. Da an ja kunama, wata siririyar allurar ƙarfe takan daki gindin harsashin, albarushi ya kama, ƙwayar ta fita. Ƙarfin fashewar nan shi ke tura marfin baya, ya tofar da kwanson da ya ƙone, sifirin ya dawo da shi gaba ɗauke da sabon harsashi. Duk wannan kafin ƙiftawar ido. Kowane ja harbi ɗaya ne, amma bayan kowane harbi bindigar a ɗane take, ba sai an sake taɓa komai ba.

Abin riƙewa a nan shi ne, wurin zaman harsashi biyu ne. Magazin rumbu ne, makwanci kuwa tukunyar da ke kan murhu. Kwashe rumbu ba ya sauke abin da aka riga aka ɗora.

Makullan da ke jikinta

Masu ƙera bindiga sun daɗe da sanin ɗan Adam mai mantuwa ne, shi ya sa suke ta ƙara mata matakan kariya. Wanda kowa ya sani shi ne makullin da ake turawa da babban yatsa, wato sefti. Bindigar da John Browning ya zana, wadda sojojin Amurka suka karɓa a 1911, tana da shi, tana kuma da wani na biyu a bayan mariƙi: sai tafin hannu ya damƙe ta sosai ya danne shi kafin kunama ta yi aiki. A kan wannan bindiga, idan makullin yana sama to a kulle take, a danna shi ƙasa ta buɗe. A kan Beretta 92 ta Italiya kuwa, wadda ta maye gurbinta a rundunar Amurka a 1985, abin a juye yake: ƙasa kulle, sama buɗe. Mutumin da hannunsa ya saba da ɗaya, aka miƙa masa ɗayar cikin gaggawa, zai iya buɗe bindiga yana zaton kullewa ya yi. Kamfanoni da yawa kan sa jan ɗigo da ke bayyana idan makulli a buɗe yake, amma a duhu wa ke ganin ɗigo?

Akwai kuma maɓallin sauke guduma. Bindigogi irin su Beretta 92 da SIG P226 suna da 'yar guduma a baya da ke dukan allura. Idan an ɗana su, ba a son mutum ya sauke gudumar da yatsa yana jan kunama, domin yatsa mai gumi na iya suɓucewa. Maɓallin ne ke sauke ta ba tare da ta kai ga harsashi ba. Bayan haka jan kunama na farko yakan yi tsawo da nauyi, kusan ninki biyu na waɗanda ke biyo baya, kuma wannan nauyin shi kansa kariya ne.

Sai Glock, wadda Gaston Glock ya ƙera, sojojin Ostiriya suka zaɓe ta a 1982. Ita ba ta da makullin da ake turawa da yatsa ko kaɗan. Kariyarta uku ce. Ta farko wani ɗan harshe ne a tsakiyar kunama, wanda in ba a danne shi ba kunamar ba ta motsawa baya. Ta biyu ɗan ƙarfe ne da ke tare hanyar allura a cikin marfi. Ta uku wata matokara ce da ke hana allurar kuɓucewa idan bindigar ta faɗi ƙasa. Jan kunama ɗaya yana kwance ukun a jere, a saki kuma su koma mazauninsu. Nauyin da ake bukata a ja ta bai wuce kimanin kilo biyu da rabi ba. Ma'ana, Glock ba ta tashi don an yar da ita, amma duk abin da ya shiga zoben kunama ya danna, ko yatsa ne, ko igiyar riga, ko bakin mayafi, ta ɗauke shi umarni.

Browning Hi-Power ta kamfanin FN na Beljiyam, wadda ta fito a 1935, tana da wata dabara daban: idan aka zare magazin, kunama ba ta aiki ko da akwai harsashi a makwanci. Dabara ce mai kyau, amma ta jawo wata mummunar fahimta, har wasu ke ɗauka kowace fistol haka take. Glock ba ta da wannan, bindigar 1911 ba ta da shi, mafi yawan na hannun jami'ai ba su da shi. Wasu kuma suna da alamar da ke ɗan tasowa a gefen marfi idan akwai harsashi a ciki, ana iya shafa ta da yatsa. Ni dai ban taɓa yarda ɗalibi ya dogara da ita ba.

Sannan ƙarfe ne, yana cinyewa, yana tsatsa, yana karyewa. Ko sabuwa ma ba a rantse mata. A 2017, bayan an nuna cewa bindigarsu ƙirar P320 na iya tashi idan ta faɗi ta wata kusurwa, kamfanin SIG Sauer ya buɗe shirin gyara su kyauta. Tsohuwar Tokarev ta Tarayyar Sobiyet asalinta ba ta da sefti, sai wani ɗan tsani da guduma ke tsayawa a rabi. Ƙirar maƙeran gida kuwa kada ma a yi zancenta. Faɗuwa daga kan gado na iya tayar da ita.

Idan ka duba duk waɗannan makullai, za ka ga abin da aka fi yin su dominsa shi ne faɗuwa da gogayya da bugu. Ba a ƙera wanda zai karanta zuciyar mai riƙe da bindiga ya gane wasa yake yi ba.

Ƙa'idoji huɗu

Wani tsohon hafsan sojan Amurka, Jeff Cooper, wanda ya kafa makarantar harbi a jihar Arizona a 1976, shi ya yayata ƙa'idoji huɗu da ake koyarwa a ko'ina yau. Ka ɗauki kowace bindiga a matsayin ɗananniya, ko wa ya ce maka babu komai a ciki. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka shirya hallakawa ba. Yatsanka ya zauna a miƙe a jikin bindiga, waje da zoben kunama, har sai ka saita ka yanke shawarar harbi. Kuma ka san abin da kake hari da abin da ke bayansa.

Hikimar ita ce kowace ƙa'ida tana rufa wa 'yar'uwarta baya. In ka yi kuskure game da harsashi amma bakin bindiga na kallon tudun yashi, abin da za a yi asara yashi ne. Sai an karya biyu ko uku a lokaci guda ake zubar da jini. Ta biyun ma ba baƙuwa ba ce gare mu: a hadisan Bukhari da Muslim an hana nuna ɗan'uwa da makami, an kuma umarci mai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani.

A filin harbi, abin da ya fi tayar min da hankali shi ne lokacin da bindiga ta ƙi tashi a hannun kurtu. Zai ja, ya ji ƙyas, ba ƙara. Sai ka ga ya juyo gaba ɗayansa, bindiga a hannu, yatsa a kan kunama, bakinta ya share layin 'yan'uwansa ya zo ya tsaya daidai cibiyata: "Oga, ta ƙi tashi." Shi ya sa malami ke tsayawa dab da kafaɗar ɗalibi, hannu a shirye ya tare gwiwar hannunsa. Abin da ake koyarwa a filin horo shi ne a bar bakinta yana kallon gaba, a jira kamar daƙiƙa 30, domin wani harsashin yakan yi jinkirin kamawa. In kuma ka ji ƙarar ta fito a raunane, bugun ya yi sanyi, dakata nan take. Mai yiwuwa ƙwayar ta maƙale a bututu, kuma harbi na gaba zai iya fasa bindigar a hannunka.

Gwaninta ba ta tsirar da kowa. A 2004, a Orlando ta jihar Fulorida, wani jami'in hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka yana yi wa yara lacca kan haɗarin bindiga. Ya gama cika baki ke nan cewa shi kaɗai ne a ɗakin ya ƙware da riƙon irin wannan, sai ta tashi ta same shi a ƙafa. A 2008 kuma, Plaxico Burress, ɗan wasan ƙwallon Amurka, ya soke Glock a ƙugu ba tare da kube ba a wani gidan rawa a Niyok. Ta zame, ya kai hannu ya cafke, ya harbi cinyarsa, ya kuma ƙare a kurkuku. Kube mai tauri da ya rufe kunama ruf yana cikin kayan kariya, kuma bindigar da ta suɓuce ba a cafkarta, barinta ake yi ta faɗi.

Ƙa'ida ta huɗu kuma tana da dalili. Harsashin milimita 9 yana fita da gudun da ya kai wajen mita 350 a daƙiƙa, yana iya tafiyar fiye da kilomita ɗaya da rabi. Ƙofar katako, langa-langa, silin, ƙofar mota, duk ba sa tare shi. Wanda aka harba sama ranar ɗaurin aure ma sai ya dawo, kuma ba ya tambayar kan wa zai sauka.

Sauke harsashi: jeri shi ne komai

Ka juya bakinta wurin da ba kowa, yatsa a waje. Fara zare magazin. Sannan ka ja marfi baya da ƙarfi sau biyu ko uku, harsashin da ke makwanci ya faɗo. Ka kafe marfin a buɗe, ka leƙa makwanci da ramin magazin, ka sa ɗan yatsa ka taɓa, domin ƙugiyar da ke fizgo harsashi takan karye ko ta suɓuce. In ka juya jerin, ka fara jan marfi kafin zare magazin, za ka ga harsashi ya faɗo ka ji daɗi, alhali marfin ya riga ya cusa wani a madadinsa. Wannan ya fi muni wajen wanke Glock, domin kwance ta yana bukatar a ja kunama. Saboda irin haka ne ake ajiye duro cike da yashi a bakin ma'ajiyar makamai, a juya bakin bindiga cikinsa yayin sauke harsashi. Idan za ka miƙa wa wani bindiga, miƙa ta marfi a buɗe, magazin a waje. Wanda ya karɓa shi ma ya duba da idonsa, ko da a gabansa ka duba, kuma ba raini ba ne.

A gida, ƙarƙashin matashi da saman kwaba ba ma'ajiya ba ne. Yaro ya san kowane lungu na ɗakin iyayensa, kuma hannunsa biyu sun isa su ja kilo biyu da rabi. A sauke harsashi, a kulle bindiga a akwatin ƙarfe, harsasai a wani wurin daban, makulli a jikin mai ita. Wanda ya sha abin maye, ko maganin da ke sa barci, ko ransa ke ɓace, ba shi ba taɓa ta. Uwargida, kina da haƙƙin ki tambayi maigida inda yake ajiye ta da kuma ko an sauke ta, ba rashin kunya ba ne. Yara kuma a koya musu tun suna ƙanana: in kun ga bindiga, a gida ko a juji ko a gona, kada ku taɓa, ku bar wurin, ku gaya wa babba. Babban ma kada ya ɗauka ya ce zai gwada ko tana aiki. Ya hana mutane matsowa, ya kira 'yan sanda.