So da Nufi a Tunanin Agustin na Hifo

Masu cewa tunanin Kiristanci kacokan daga Turai ya zo ba su duba taswira ba. Agustin, wanda ya fi kowa tasiri a cocin Yamma kan mas'alar so da nufi, an haife shi a 354 a Tagaste, wato Suk Ahras ta Aljeriya a yau, ya yi bishop a Hifo har ya rasu a 430. Tambayarsa kuwa ba baƙuwa ba ce ga mai karatun tauhidi a zaurukan Sifawa da Boɗinga, inda Shehu Usmanu da Malam Abdullahi suka zauna suka karantar: in bawa ya aikata abu, ina rabonsa a cikin aikin? Amsoshin Kiristanci da Musulunci sun sha bamban, kada a cakuɗa su.

Sokratis na Girka ya koyar cewa jahilci ne tushen ɓarna, wanda ya san alheri zai aikata shi. Agustin ya ce sam, kuma hujjarsa wata sata ce da ya yi yana ɗan shekara 16. Da dare shi da abokansa suka kakkaɓe 'ya'yan wata bishiya kusa da gonar inabinsu. Ba yunwa suke ji ba, akwai waɗanda suka fi waɗannan daɗi a gida, ƙarshenta aladu suka zuba wa. To me ya rasa? Ba ilimi ba, ya san haramun ne. Haramcin kansa ya yi masa daɗi, ga kuma zugar abokai. Daga nan ya kafa ra'ayinsa cewa nufi so yake bi: inda zuciya ta karkata, can ƙafa za ta nufa, kuma karkatacciyar zuciya ba ta miƙe kanta sai da alherin Allah.

Felajiyus, malami daga Birtaniya, ya ƙalubalance shi: Allah ba ya umurni da abin da bawa ba zai iya ba, in ba haka ba ina amfanin hisabi? Wannan suka ce mai nauyi. Agustin ya amsa cewa alherin ba tilasta mutum yake yi ba, sa shi yake ya so abin da a da yake ƙi, sai ya zaɓa da kansa. Majalisar coci da ta zauna a Kartaj a 418 ta goyi bayansa. A ganina ya wuce gona da iri da ya yanke wa jariran da suka mutu ba baftisma hukunci, amma kan cewa sani kaɗai ba ya gyara mutum, shi ke da gaskiya.