Auna Ƙarfin Gamma a Cibiyar Ƙwayar Zarra

Cibiyar ƙwayar zarra, wato dunƙulen furoton da niyutron da ke tsakiyarta, takan haɗiye hasken gamma, takan kuma fitar da shi idan makamashi ya yi mata yawa. Sai dai ba kowane gamma take karɓa daidai wa daida ba. Ma'aunin da ke nuna yiwuwar karɓa ko fitarwa a kowane matakin makamashi shi masana ke kira ƙarfin gamma.

Tudu mafi girma a wannan ma'auni, wato matakin makamashin da cibiyar ta fi karɓar gamma a kansa, Baldwin da Klaiber ne suka gano shi a Amurka a 1947. Shekara guda bayan haka Goldhaber da Teller suka bayyana dalili: furoton ne ke kaɗawa gaba ɗaya zuwa gefe guda, niyutron kuma ɗaya gefen. A dalma mai lamba 208, tudun yana wajen MeV 13 da rabi (MeV awon makamashi ne).

Tunda ba a ganin cibiyar, sai a harbe ta a duba abin da ya fito. A Darmstadt da Dresden ta Jamus, da Jami'ar Duke ta Amurka, ana haska ta da gamma, ta haɗiye ta sake fitarwa, a ƙirga. Hanyar tana da iyaka: da zarar makamashi ya isa ya ɓalle niyutron, wajen MeV 7 zuwa 8 a cibiyoyi masu nauyi, niyutron ne ke fita maimakon gamma.

A Osaka ta Japan kuwa furoton masu MeV 295 ake harbawa kan siririn fallen ƙarfe, a auna waɗanda suka wuce kusan a miƙe. Wutar lantarkin da furoton ke ɗauke da ita ce ke girgiza cibiyar, makamashin da ya rasa shi ne wanda ta karɓa. Nan wannan hanya ta yi fice, domin ba ruwanta da iyakar niyutron. Cibiyar iThemba ta Afirka ta Kudu ma tana irin wannan aiki.

A Oslo ta Norway ana auna ƙwayar da ta fito bayan harbin tare da gamman da ya biyo baya. Da haka ne a 2004 aka ga ƙarfin gamma yana ƙaruwa a ƙaramin makamashi a baƙin ƙarfe, abin da ba a zata ba.

Kwatanta sakamakon hanyoyin nan yana gwada hasashen Brink na 1955, cewa ƙarfin gamma bai dogara da halin da cibiyar take ciki ba. A kan hasashen ake lissafin yadda cibiyoyi ke kama niyutron a tashoshin nukiliya da cikin taurari, inda ake samun zinariya, kuma har yanzu masana ba su gama muhawara a kansa ba.